Yadda ake ɗanɗana giya mai ƙarfi a kuma ba ta maki

Bari in fara da kuskuren da ni kaina na daɗe ina yi. Mutum zai ɗauki kwalba ya ga an rubuta 11% ko 12% a jikin lebul, tun bai ɓalle murfin ba ya riga ya gama yanke hukunci wai ai wannan ita ce ta manya. Alhali lambar nan ba abin da take gaya maka sai yawan barasar da ke ciki, wato a kowane mililita 100 akwai 11 ko 12 na zallar barasa, iyakarta ke nan. Ba ta ce maka mai haɗawar ya iya aikinsa ba. Na sha mai 12% da ta wuce a maƙogwaro lafiya lau kamar ba komai, na kuma sha mai 8% da na rantse fenti aka narka a ciki.

Don haka tambayar da nake yi wa kowace giya mai ƙarfi ɗaya ce, barasar ta zauna ko kuwa a tsaye take? Idan ta zauna zaka ji ɗumi a hankali yana sauka ƙirji bayan ka haɗiye, amma a baki abin da kake ji ɗanɗanon tsiro ne da ƙamshi da ɗaci, kowa a wurinsa. Idan a tsaye take ita zata fara tarbarka tun daga hanci, ta yi maka yaji a ido, ta ƙona bayan harshe, sauran abubuwan duk su ɓuya a bayanta. Duk sauran bayanin da zan yi hanya ce kawai ta amsa wannan tambayar.

Sai ka san me ya sa irin wannan giyar ke da wahalar haɗawa kafin ka iya yi mata adalci. Giya dai tsiron sha'ir ne (wani lokaci da alkama) ake jiƙawa a ruwan zafi sukari ya fito, a tafasa da furen hof wanda shi ke ba da ɗaci da wani ɓangare na ƙamshi, a huce, a zuba yis. Yis ya ci sukari ya fitar da barasa da gas. To in kana son barasa mai yawa dole ka tara sukari mai yawa, kuma nan ne rigimar take, saboda yis abu ne mai rai, in sukari ya yi masa yawa ko wurin ya yi zafi sai ya jigata ya fara fitar da wasu irin barasa masu nauyi da ake kira fusel, su ne masu warin nan na tina (ruwan tsinka fenti) da ƙona maƙogwaro. Kuma yis na yau da kullum in barasa ta kai wajen 10% zuwa 12% yakan fara sarewa, in ya ajiye aiki tun bai gama ba sai a bar ka da sukarin da ba a ci ba, giya ta fito da zaƙi mai gundura kamar sirof. Kaga mai haɗawa tsakanin ramuka biyu yake tafiya, ƙuna a nan, zaƙi a can.

Kowace ƙasa da dabarar da ta samo. Mutanen Beljiyam sukari suke ƙarawa a tukunya, wanda yis ke cinyewa tas, shi ya sa tirifel irin Westmalle Tripel mai 9.5% zaka gan ta ruwan zinare, mara nauyi, tana ta kumfa, ba zaka taɓa cewa ta kai haka ba sai ka miƙe tsaye. Duvel ma haka, 8.5%. Masu duhun cikinsu irin Rochefort 10 da Westvleteren 12, waɗanda 'yan zuhudun Trappist ke yi a gidajen ibadarsu, su kuma zabibi da ɓaure da busasshen dabino zaka ji. A nan a kula, lambar da ke cikin sunan ba ita ce barasar ba, tsohon ma'aunin kaurin ruwan tsiro ne na Beljiyam, Rochefort 10 barasarta 11.3% ce, Westvleteren 12 kuma 10.2%. Na ga mutane da dama suna musu a kan wannan har da ɗaga murya.

Turawan Ingila su kuma kauri suka runguma. Bali-wayin, wato giyar sha'ir da ƙarfinta ya kai na ruwan inabi, zaƙin tsiro ne zalla da ƙonannen sukari, irin Thomas Hardy's Ale da aka fara yi a 1968. Imferiyal sitawut kuma baƙa ce wuluk, asalinta a Landan ake dafawa a ƙarni na 18 ana kaiwa Rasha har fadar Sarauniya Katarina, a cikinta ɗacin gasasshen tsiro ne ke riƙe zaƙin, gahawa da cakulan. A Jamus akwai dofelbok, giya mai ƙarfi da zaƙin tsiro, uwarsu ita ce Salvator ta Paulaner a birnin Munich mai 7.9%, shi ya sa zaka ga sunayen yawancinsu na ƙarewa da "ator". Sai aisbok, wadda ake daskarar da giyar a kwashe ƙanƙarar, tunda ruwa na riga barasa daskarewa abin da ya rage sai ya ƙara kauri da ƙarfi. Amurkawa da suka shigo da ƙananan kamfanoninsu sai suka ce su hof za su antaya, daga nan aka samu dabul IPA irin Pliny the Elder mai 8%, da bali-wayin mai ɗaci irin Bigfoot ta Sierra Nevada da ta fito a 1983, sannan suka zo da salon kwantar da sitawut a gangar katakon da aka taɓa ajiye wiskin bourbon a ciki.

Na jero su ne saboda ba a yi wa giya hukunci a iska, da salonta ake auna ta. Ƙamshin ayaba da kanumfari a tirifel ado ne, yis ɗin Beljiyam ne ke ba da shi, amma in ka ji shi a dofelbok to an samu matsala don ita tsaf ake son ta. In ka ce bali-wayin ta yi kauri da yawa kamar ka ce zuma ta yi zaƙi ne.

Yanzu shiri. Abu na farko sanyi, kuma nan ne kusan kowa ke ɓata abin. Giya mai ƙarfi ba a shanta da sanyin ƙanƙara, sanyi na rufe ƙamshi ya kashe harshe. Tsakanin digiri 10 zuwa 14 ake so, tirifel da dabul IPA su ɗan fi sanyi, baƙaƙen da masu kauri su ɗan fi ɗumi. In daga firij ka ciro ka ajiye ta minti 15 ko 20, ka taɓa kwalbar, in ta yi sanyi-sanyi amma ba ta cizon hannu to ta yi. Amma fa kar ka bari ta yi ɗumi sosai, don nan ma barasa tashi take ta mamaye komai, sai ka ɗora wa mai haɗawa laifin da naka ne.

Gilas kuma a samu mai faɗin ciki da tsukakken baki, irin wanda ake shan barandi da shi ko ma na ruwan inabi, tsukakken bakin ne ke tara ƙamshi. A wanke shi tas a ɗauraye sosai, ɗigon maiƙo ko ragowar sabulu na kashe kumfa nan take. Daga kwalba kai tsaye kam ba ɗanɗanawa kake ba, sha kawai kake. Kar ka fesa turare, kar a sha taba a wurin, kar ka ci abu mai yaji ana gab da farawa, amma kuma kar ka zo da yunwa, ka ci abinci sosai tukuna. A ajiye ruwa mai yawa da busasshen burodi ko biskit mara gishiri mara zaƙi don wanke baki.

Yawan da za a zuba shi ne abin da bana wasa da shi. Yi lissafin da kanka. Ƙaramar kwalba mai mililita 330 ta laga, wato giyar yau da kullum, mai 5% tana da zallar barasa mililita 16.5, irin wannan kwalbar in 11% ce ta haura 36, ninki biyu da ɗoriya. Babbar kwalba mai 750 da 12% kuwa mililita 90 ne cif, ya fi ƙananan laga biyar, kuma hanta ba ta iya sarrafa fiye da wajen mililita 10 a awa guda, ba gahawa ko wanka da ruwan sanyi da zai sa ta yi sauri. Shi ya sa alƙalan gasa ɗan kaɗan ake zuba musu, mililita 50 ko 60 ya ishi mutum ya gane giya sarai. Kwalba ɗaya mutum huɗu ko biyar, nau'i huɗu ko biyar a zama ɗaya, in ya wuce haka harshe ya mutu, alƙalin ma ya fara ba kowa maki kyauta. Wanda zai tuƙa mota ba ya cikin zaman, mai ciki ba ta ciki, wanda ke kan magani ko bai kai shekarun da doka ta yarda ba shi ma haka.

Jeri ma yana da muhimmanci. Akwai ranar da ɗoki ya sa muka fara buɗe wata imferiyal sitawut da ta kwana a gangar wiski, mai wajen 13%, don ita kowa ke jira, to bayanta da muka zuba tirifel sai na ji ta lami kamar ruwan da aka ɗauraye kofi, na ba ta maki ƙasa-ƙasa har da surutu. Bayan sati biyu na sake samun irinta na sha ita kaɗai, kunya ta kama ni, giya ce mai kyau ƙwarai, bakina ne ya riga ya toshe a ranar. A fara da mai haske da sauƙi, a bi da masu ruwan ƙasa, masu ɗacin hof sosai da baƙaƙe su zo baya, ta ganga ita ce ta rufe taro.

In ka zo zubawa ka karkata gilas, ka zuba a jikinsa, in ya kusa sai ka miƙe shi kumfa ta taso. Yawancin na Beljiyam akwai yis kwance a gindin kwalba don a ciki suke ƙarasa nuna, saboda haka a tsaye ake ajiye su kuma a zuba a hankali a bar ɗan guntun ƙarshe, in kana so ka ɗanɗana shi daban.

Hanci ake fara kaiwa, ba ido ba, don launi na nan ba inda zai je amma wani ƙamshin cikin 'yan daƙiƙu yake gudu. Kar ka cusa hanci ka ja dogon numfashi, barasar zata buge ka ka daina jin komai na ɗan lokaci. Ka fara wuce da gilas ɗin ta ƙarƙashin hanci daga ɗan nesa, sannan gajerun shaƙa biyu ko uku, sannan ka rufe bakin gilas da tafin hannu ka juya shi a hankali ka buɗe ka sake shaƙa. Ni a nan nake raba abin gida uku a kaina, me ya zo daga tsiro (burodi, gardi, ƙonannen sukari, cakulan, gahawa), me ya zo daga hof (ɓawon lemu, ƙaron itace, ganye), me ya zo daga yis (ayaba, kanumfari, zabibi, masoro). In ta ganga ce zaka ƙara jin banila da kwakwa da katako. Duk abin da ya zo maka ka rubuta shi da kalmarka ko da abin dariya ne, na taɓa rubuta "tsohon akwatin fata" kuma har yau in na ga rubutun ina tuna giyar. In hanci ya gaji shaƙi hannun rigarka sau biyu, zai dawo.

Kallo ba ya ɗaukar lokaci. Ɗaga gilas a haske ka ga launi da tsabta, ka ga kumfa. Barasa mai yawa na rage kumfa, don haka bali-wayin ko sitawut mai 13% in ba ta riƙe kumfa ba ba laifi ba ne, amma tirifel da ba kumfa akwai tambaya. Zirin da ke gangarowa a jikin gilas in ka juya shi alamar barasa da kauri ne kawai, ba shaidar inganci ba.

Sai kurɓa. Ta farko ba a hukunci da ita, ta gyara baki ce. A ta biyu ka ɗauki kaɗan ka bari ta zagaye harshe da ganɗa, ka haɗiye, ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci, zaka yi mamakin abin da zai taso. Masu ɗanɗana ruwan inabi sukan tofar, masu giya galibi haɗiyewa suke saboda ɗaci da ɗumin barasa sai bayan an haɗiye suke nuna kansu sosai, wanda shi ma wani dalili ne na zuba kaɗan. Ka bi ta kamar labari, me ya fara zuwa, me ya biyo, me ya rage bayan daƙiƙa 30. Mai kyau zaƙi zai zo, ɗaci ko gardin gashi ya biyo ya share shi, ɗumi ya sauka, bakinka ya nemi ƙari. Mara kyau zaƙin zai manne a ganɗa kamar alewa ya ƙi tafiya, ko kuma ƙuna ta tsaya a maƙogwaro. Ka kuma bambance ɗaci da bauri, ɗaci ɗanɗano ne kuma ana son sa, bauri kuwa shi ne bakinka ya bushe ya takure kamar ka tsotsi ganyen shayi, wannan yawanci aibi ne, ko daga ɓawon tsiro ko daga katakon ganga da ya yi yawa.

Aibobin da zaka fi cin karo da su ba su da yawa, in ka gane su sau ɗaya ba ka mantawa. Warin tina ko ruwan goge jan farce, yis ya sha zafi. Ɗanyen tuffa, an yi gaggawar ɗura ta ba ta gama nuna ba. Man shanu da santsi a harshe, sinadarin dayasetil ne da yis bai gama shanyewa ba. Jiƙaƙƙen kwali, iska ta shiga ta tsufa mummunan tsufa. Wani wari mai kama da na dabba a kwalba kore ko fara, haske ne ya taɓa hof, shi ya sa kwalba mai ruwan ƙasa ta fi. Tsami a giyar da ba a yi ta don tsami ba, ƙwayoyin cuta sun shiga, kuma gangar katako ta kan jawo wannan.

Maganar tsufa tana da ɗan sarƙaƙiya. Giya mai ƙarfi mai duhu tana iya shekaru a ajiye a wuri mai sanyi da duhu, zafin barasar ya kwanta, iskar da ta shiga kaɗan-kaɗan ta kawo ɗanɗanon busassun 'ya'yan itace irin na ruwan inabin sheri, wannan ba aibi ba ne, shi ake nema. Samichlaus mai 14% ma sau ɗaya ake dafa ta a shekara, ranar 6 ga Disamba, ta kwanta wajen wata goma kafin a ɗura. Amma dabul IPA kishiyar haka ce, ƙamshin hof cikin 'yan watanni yake gudu, in ka ajiye ta shekara abin da zaka tarar zaƙi ne da ɗaci mara rai. Duba kwanan wata kafin ka zarge ta.

Wajen ba da maki ni tsarin BJCP nake ara, wata ƙungiyar horar da alƙalan giya da aka kafa a Amurka a 1985. Maki 50 ne duka, ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take a baki (kauri, gas, ɗumi, bauri) 5, sai ra'ayinka gaba ɗaya 10. Kaga kamanni 3 kacal, amma shi mutane suka fi ɗaukar hoto. A wurinsu 45 zuwa 50 fitacciya ce, 38 zuwa 44 mai kyau ƙwarai, 30 zuwa 37 mai kyau da 'yan kura-kurai. Abin da na koya shi ne in raba "an yi ta daidai" da "ina son ta". Ni dai bana son bali-wayin ɗin Amurka, ɗacin ya yi min yawa, amma in ta cika sharuɗɗan salonta dole in ba ta 40 in rubuta a gefe cewa ba zan saya ba. Kowa ya rubuta nasa shiru kafin a buɗe baki, in ba haka ba mutum ɗaya mai surutu ya ce "zabibi" kowa sai ya ji zabibi. In da hali a sa wani ya zuba a ɓoye ba a ga kwalba ba, a nan zaka ga manyan sunaye na faɗuwa, wadda ba wanda ya sani ta haye.

Akwai kuma 'yan tseren lamba. BrewDog ta Sikotilan ta fitar da mai 32% a 2009, a 2010 ta yi mai 41% sannan mai 55%, suna ta ja-in-ja da wani kamfanin Jamus mai suna Schorschbräu, duk ta hanyar daskarewar nan. Utopias ta Samuel Adams wajen 28% zuwa 30% take kuma ba ta da gas. Irin waɗannan kamar wiski ake kurɓarsu, mililita 20 ya isa, kuma a ganina yawancinsu labarin ya fi ɗanɗanon daɗi, in dai za a saka su a zama to su zo can ƙarshe kuma kar a haɗa makinsu da na sauran.

Kar ka shanye abin da aka zuba maka lokaci guda. Bar kurɓa biyu a gilas ka ajiye gefe ka wuce ta gaba, bayan minti 15 ko 20 ka dawo mata. In ta ɗumama sai ta buɗe, ɓaure ko cakulan da ba ka ji da farko ba ya fito, to ƙara mata maki. In kuma ɗumin ne ya tona mata asiri tina ta taso, sanyi ne dama ke rufa mata, rage. Bayan ka shanye ma kar ka ɗauraye gilas ɗin nan take, bar shi ya ɗan bushe ka shaƙa, barasar ta riga ta tashi, abin da ya rage a jikinsa zallar tsiro da katako ne, ni sau da yawa a nan nake samun kalmar da na rasa tun farko sai in koma takarda in gyara.